Kada mu bari fensir ya faɗi daga hannun yaranmu masu karatu a gida

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk ma'aikatan wannan jarida tamu, dan Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan uwana iyaye, musamman waɗanda 'ya'yansu ke karatu a gida, ko da zaɓinsu ne ko lalurar rashin lafiya ko nisan makaranta ko wani dalili daban. Maganar tawa a kan zane ne da aikin hannu ga yara 'yan shekara 11 zuwa 14, wato sa'annin 'yan ƙaramar sakandare, dan na lura abu ne da muke sakaci da shi sosai kuma mu ba ma ganin sakaci ne.

Ni uwa ce, yara biyu nake koyarwa, mace mai shekara 12 da yayanta mai 14. Mun fara ne tun 2020 lokacin korona da aka rufe makarantu, lokacin da UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ce sama da ɗalibai biliyan 1.5 ne a faɗin duniya suka zauna a gida, daga baya kowa ya koma aji mu kuma saboda wata lalura muka ci gaba a haka. Kuma gaskiya a jadawalin da na rubuta na manna a bango, lissafi ne a sama sai kimiyya sai harshe, zane kuwa can ƙasa na saka shi na rubuta “in an samu lokaci”, kuma duk uwar da ke koyar da yara a gida ta san ba a taɓa samun wannan lokacin, haka muka kwashe shekaru ina ganin ai ba komai ba ne tunda ba ya hana su cin jarrabawa.

Abin da ya farkar da ni, wata rana da yamma yarinyata tana zaune a tebur ta ɗora hannunta na hagu a kan takarda tana ƙoƙarin zana shi da na dama, ta fi minti 40 a kai, tana gogewa tana sakewa har takardar ta yi baƙi ta fara hujewa a wajen babban yatsa. Na zo wucewa na leƙa na ce kai ya yi kyau wallahi. Ta ɗago ta kalle ni ido cike da ƙwalla ta ce “Mama bai yi ba kuma kin san bai yi ba”, ta yage takardar gida huɗu ta ce ita ta daina zane har abada dan ba ta iya ba. Wannan fa yarinyar da tana shekara 6 ba ta barin takarda ko kwali ya huta a gidan nan, har bango sai da muka hana ta. Na kwana ina tunanin me ya canza, dan hannunta na yanzu ya fi na da ƙwari nesa ba kusa ba.

Da na shiga karance-karance sai na tarar abin ba nata ba ne ita kaɗai. Akwai wani malamin koyar da zane Viktor Lowenfeld, haifaffen Ostiriya da ya koma Amurka, a 1947 ya fitar da littafi ya kasa zanen yara mataki-mataki gwargwadon shekaru, kuma abin da ya nuna shi ne daga wajen shekara 9 zuwa 12 yaro yana fara son zanensa ya yi kama da abin da yake gani, daga 12 zuwa 14 kuma yana zama mai tsananin kushe aikin kansa, a nan ne yara da yawa suke ajiye fensir ba su ƙara ɗauka ba. Wato ƙaramin yaro in ya zana gida da murabba'i ɗaya da jinka a sama ya gamsu, shi a wajensa gida ne, amma ɗan shekara 12 idonsa ya buɗe, yana ganin inuwa yana ganin nisa da kusa yana ganin yatsa ɗaya ya ɓoye ɗaya, hannun ne kawai bai kamo idon ba, tazarar nan da ke tsakani ita ke sa shi kuka. Shi ya sa za ka ga babban mutum mai digiri in ka ce ya zana mutum sai ya yi maka irin na ɗan shekara 10, ba wai Allah bai ba shi ba ne, a nan ya tsaya ne kawai dan ba wanda ya nuna masa yadda ake haye wannan gaɓa.

To mu iyaye kuskure biyu muke yi a daidai nan. Na farko mu sayo musu littafin shafa kala irin na 'yan firamare, yaron da ke tambayarki me ya sa wata ke raguwa yana ƙaruwa ki miƙa masa hoton agwagwa ki ce ya shafa rawaya, ai dole ya ji kin raina shi. Na biyu mu ajiye masa farar takarda mu ce zana duk abin da kake so, wannan ma a wannan shekarun ba taimako ba ne, farar takarda tsoro take ba su. Abin da suke buƙata dabara ce ta gaske, irin wadda manyan masu zane suke amfani da ita, wadda yaro zai ga sakamakonta da idonsa a zama ɗaya ko biyu.

Mu da tsohon takalmi muka fara. Na ɗauko takalmin makarantar yayanta wanda ya tsufa, duk ya tattare a gaba, igiyar ta zare a baki, na ɗora a tebur na ce mata ga sharaɗi: idonki a kan takalmi, ba za ki kalli takarda ba ko sau ɗaya, ba za ki ɗaga fensir ba, ki ɗauka kan fensirinki wata tururuwa ce tana tafiya a gefen takalmin a hankali, inda ya lanƙwasa ki lanƙwasa, inda ɗinki ya bi ki bi, minti 5 kawai. Ta yi ta ƙunƙuni tana cewa ai shirme zai fito, kuma eh da ta duba dunduniyar tana wani waje bakin yana wani waje, amma sai ta yi shiru ta sa yatsa a kan igiyar takalmin da ta zana, dan igiyar nan ta fito sak, yadda ta shiga rami ta fito ta haye 'yar uwarta, har zarewar bakin. Ta ce “Mama ni na yi wannan?” Sirrin kuwa shi ne in yaro yana kallon takarda abin da ya haddace yake zanawa, takalmin da ke cikin kansa, in ka hana shi kallonta dole ya zana wanda ke gabansa. Mun yi sati biyu kullum minti 10, yau makulli gobe almakashi jibi ganye busasshe, sannan na bar ta ta riƙa satar kallon takardar jefi-jefi.

Dabara ta biyu ma irin wannan ce, wata malama 'yar Amurka Betty Edwards ce ta yaɗa ta a littafinta na 1979, ki samu zanen layi mai ɗan wahala ki juya shi kai a ƙasa ki ce yaro ya kwafa a hakan, ki rufe rabin da wata takarda yana janyewa kaɗan-kaɗan. Tunda ƙwaƙwalwa ta kasa cewa wannan hanci ne wannan kunne ne sai ta haƙura ta bi layi kawai, kuma in aka juyo zanen daidai yaran da kansu suke mamaki. Haka nan kujera, a ce kada ya zana kujerar, ya zana ramukan da ke tsakanin ƙafafunta da sandunan bayanta, in ya gama sai ga kujera ta fito da kanta. Sai maganar fuska, kusan kowane yaro yana kai ido can sama kusa da gashi, alhali in ka auna daga tsakar kai zuwa haɓa ido a tsakiya yake. Ban gaya wa ɗana da baki ba dan na san zai yi gardama, madubi na ba shi da rula na ce auna, ya auna sau uku yana cewa rular ce ba daidai ba, gani ya kori ji.

Wani abin kuma da yara ke ɗauka satar amsa ce alhali ba ita ba ce, shi ne raba hoto gida-gida. A ja layuka a kan hoto su zama murabba'ai, a ja irinsu a babbar takarda amma kowane gida ya ninka girma, sai a kwafa gida ɗaya bayan ɗaya. Tun 1435 Leon Battista Alberti na Italiya ya bayyana irin wannan a littafinsa kan zane, wani siririn ƙyalle mai shara-shara da aka raba shi da zare mai kauri, mai zane yana hango abu ta cikinsa. In kin gaya wa yaro cewa shekaru kusan 600 ƙwararru suna yi sai kunyar ta fita. Kuma a nan lissafin ninki yake shigowa ba tare da an kira sunansa ba, ɗana da kansa ya gano cewa in ka ninka tsawo da faɗi sau 2 fentin da za ka kashe sau 4 ne, abin da na yi ta fama da shi a darasin lissafi ya ƙi zama. Ga kuma gilashin taga, a ba yaro maka irin wadda ake gogewa, ya rufe ido ɗaya kada ya motsa kai, ya bi gefen gini ko titi da yake hangowa a jikin gilashin, a nan zai ga da idonsa layukan da ya san a miƙe suke kafaɗa da kafaɗa suna matsowa suna neman haɗuwa a ɗigo ɗaya can nesa.

Amma Malam Edita aikin da ba zan manta da shi ba shi ne ranar da muka mai da ɗakin yaran kyamara. Ɗaki ne mai taga ɗaya da ke kallon titi, muka samo kwalaye muka toshe tagar gaba ɗaya da salatif, muka cusa tsumma a ƙasan ƙofa, duk inda haske ke ɗigowa muka liƙe, sannan muka huda rami ɗaya a tsakiyar kwalin wanda bai fi faɗin ɗan yatsa ba, muka rataya farin zanin gado a bangon da ke fuskantarsa. Da muka rufe ƙofa ba a ganin komai, yarinyar ta kama hannuna, ɗan uwanta yana cewa ai dama ya san ba zai yi ba, na ce ku dai yi shiru ido ya saba da duhu. Bayan kamar minti 5 sai wani haske-haske ya fara bayyana a ƙasan zanin, ashe sararin sama ne a ƙasa, sai ga bishiya tana reto kai a ƙasa ganyenta na motsi da launinsa kore, sai ga wani mai keke ya wuce ta saman zanin tayoyi a sama, wallahi ihun da yaran nan suka yi sai da na ji a ƙirjina. Muka liƙa takarda a wajen suka bi hoton da fensir a cikin duhun.

Da muka fito tambaya ta ƙi ƙarewa, me ya sa a juye, me ya sa in an ƙara girman ramin hoton yana ƙara haske amma yana dusashewa. Sai na ba su labarin Ibn al-Haytham, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya rasu a Alƙahira wajen 1040, shi ne a littafinsa Kitab al-Manazir ya yi bayani da gwaji cewa haske a miƙe yake tafiya kuma daga abu yake shigowa ido, ba daga ido yake fita ba. To hasken da ya taso daga kan bishiya in ya ratsa ramin a miƙe dole ƙasa zai sauka, na gindinta kuma ya hau sama, shi kenan dalilin juyewar, ɗana ya zana wannan da rula a minti biyu dan ya riga ya gani. Abu ɗaya dai, a ja musu kunne kada su taɓa leƙa rana ta cikin ramin kai tsaye, a bango ake kallo.

Ga iyayen da ba su da natsuwa da zanen abu mai rai, ko yaron da shi dama hankalinsa na lissafi ne, akwai fage babba da kamfas da rula kawai. A zana da'ira, kada a taɓa buɗin kamfas ɗin, a ɗora tsininsa a bakin da'irar a yi alama, a matsa kan alamar a sake yi, sau 6 cif zai zagaye ya dawo inda ya fara, daga nan ga fure mai kunne shida ga tauraro ga siffa mai gefe shida, a ci gaba da ɗora da'ira a kan kowace mahaɗa har takarda ta cika. Yarinyata ta kwana uku a kan guda ɗaya tana shafa kala, kuma da ta yi kuskuren da bai kai kaurin gashi ba a da'ira ta biyu sai ta ga yadda ya girma ya zama gagarumi a ta goma, tun daga ranar ba na ce mata ta fere fensir. Sai na ba su wasa, na yanka musu siffofi masu gefe daidai na kwali, mai 3 mai 4 mai 5 mai 6, na ce su shimfiɗa kowace kamar tayil ba giɓi ba hawa kan juna. Uku daga ciki sun shimfiɗu, mai 5 ta ƙi ko ta yaya aka juya ta, sai da suka gaji sannan muka auna kusurwa: 60 sau 6, 90 sau 4, 120 sau 3 duk 360 suke bayarwa, wato cikakken zagaye a inda kusurwoyin suka haɗu, mai 5 kuwa 108 ce, uku sun gaza huɗu sun yi yawa. Irin wannan adon ne ya cika bangon fadar Alhambra a Garanada ta Sifen, wanda mai zane ɗan Holan M. C. Escher ya je ya gani a 1922 ya sake komawa a 1936 ya zauna yana kwafa, daga nan ya samo salon nan nasa na tsuntsaye da kifaye masu shiga cikin juna ba giɓi. Yaro ma zai iya, ya yanki wani ɓangare daga gefen hagu na murabba'in kwali ya liƙa shi a gefen dama daidai saitinsa, ya samu sabuwar siffa da za ta shimfiɗu har iyakar takarda.

Shi kuma namijin duk wannan bai kama shi kamar zane mai motsi ba. Ƙaramin littafin rubutu ya samu, a kusurwar kowane shafi ya zana ƙwallo ya ɗan matsar da ita kaɗan, in ya saki shafukan da babban yatsa sai ta yi tsalle, tsohon abu ne dan tun 1868 wani Bature John Barnes Linnett ya yi rajistar irinsa a Ingila. Da farko ƙwallon tasa tana tafiya kamar ana jan ta da igiya, ya rasa me ya sa, na ce ɗauki ƙwallo ta gaske ka jefa ka kalla, ya yi ta jefawa har ya lura tana rage gudu a sama tana ƙarawa in za ta sauka, wato a sama zanen sai sun matsu a ƙasa sai sun ware. Daga nan ya koma waya, ya jingina ta da littattafai kada ta motsa, yana ɗaukar hoton wani ɗan mutum-mutumin yumɓu yana matsar da shi kaɗan-kaɗan. Fim ɗin silima hoto 24 ne a daƙiƙa ɗaya, shi ya yi 12, ka ga daƙiƙa 10 kacal hoto 120 kenan, yaron da nake cewa ba ya iya zama minti 15 ya yi awa uku a durƙushe ba wanda ya sa shi.

Maganar kala ba zan ja ta ba, shawara ɗaya ce: kada a ba su akwati mai kala 24, a ba su ja da rawaya da shuɗi da fari kawai a ce su nemo launin wani ganye ko launin bayan hannunsu, su yi ta gaurayawa suna ɗigawa a gefen takarda suna rubuta me da me suka haɗa. Kuma in babu fenti akwai ƙasa, a tankaɗe jar ƙasa ko farar ƙasa ko dakakken gawayi a kwaɓa da ɗan gam da ruwa, ai zanen kogon Lascaux a Faransa da ya kai shekara wajen 17,000 da irin waɗannan launukan ƙasa da ma'adinai aka yi shi, kuma samari ne matasa suka gano kogon a 1940, wannan labarin yana burge yara ƙwarai. Yaron da ya riga ya tsani fensir kuma kada a matsa, a ba shi almakashi da takardu masu launi, Henri Matisse bayan tiyatar da aka yi masa a 1941 tsayuwa ta yi masa wuya, da almakashi ya riƙa yanka takardun da aka shafa wa fenti ana manna su, kuma yana cikin ayyukansa da aka fi sani har ya rasu a 1954. Akwai kuma hatimi, a sassaƙa kilina ko a liƙa yankakken kwali a kan katako a shafa tawada a buga, a nan za su gane rubutu sai an yi shi a juye kafin ya fito daidai, sai dai duk aikin da ke da reza ko wuƙa babba ya zauna a wajen, kuma a yanka ana nesanta kaifin daga jiki.

Wani abu da zama a gida ya ba mu wanda aji ba ya bayarwa shi ne lokaci, kuma ina ganin ba ma cin moriyarsa. A makaranta minti 40 ne a kaɗa ƙararrawa a tattara kaya, mu kuwa za mu iya barin aiki a kan tebur sati uku ana dawowa kansa. Ɗan shekara 13 ya fi buƙatar aiki ɗaya mai tsawo da zai fara ya gaji ya ji kamar ya watsar ya daure ya gama, a kan ƙananan abubuwa goma na yini ɗaya da za a zubar a shara washegari. Misali ya zana bishiya ɗaya daga waje ɗaya da safe da rana da yamma ya ga yadda inuwa ke yawo, ko ya gina ɗakinsa da kwali bisa awo, kowace mita ɗaya ta zama santimita 5, ko ya haɗa ɗan littafin labari mai hotuna shafi 8 ya ɗinke da kansa. Mu yanzu rana biyu a sati muke yi da safe lokacin da kai ke sabo, ba ragowar yamma ba.

Sai bakinmu mu iyaye, nan ne na fi yin gyara. Na daina cewa ya yi kyau haka kawai dan yaran wannan shekarun suna gane yabon da ba a duba ba, kuma yana musu zafi fiye da shiru. Yanzu sai in zauna in kalla da gaske in faɗi abin da na gani, in ce inuwar nan ta ƙarƙashin kofin ita ta sa ya zauna a kan tebur, ko in tambaya ina ne ya fi ba ki wahala, in ta nuna sai mu koma kan abin mu sake kallo tare. Ba na karɓar fensir in gyara a kan takardarta, in zan nuna wani abu a wata takardar daban nake yi. Kuma mun kafa doka, ba a yaga zane, kowanne a rubuta kwanan wata a baya a saka a fayil, dan ranar da yaro ya ce ba na ci gaba ba gardama za ki yi da shi ba, fayil ɗin za ki ɗauko ki shimfiɗa na wata uku da suka wuce kusa da na yau. Kuma kada wata uwa ta ce ai ni ban iya zane ba, duk abin da na lissafa a sama ba wanda yake buƙatar ki iya, ni ma tare da su nake zama da tawa takardar, kuma na lura sun fi sakin jiki in suna ganin babba ma yana gogewa yana sakewa.

Bidiyon koyon zane na intanet kuma ba na hana su, akwai masu amfani sosai, amma a kula da irin waɗanda ake saurin da su, a nuna aikin awa 20 a cikin daƙiƙa 30, yaro ya kalla ya ɗauka haka ake yi shi ne dai bai iya ba. Da irin na “ja layi nan, ja layi can” da yaro zai bi ya fitar da hoto mai kyau amma in ka ajiye masa kofi a gaba ya rasa ta ina zai fara. Mu ƙa'idarmu in an kalli bidiyo ɗaya to a kashe waya a gwada dabarar a kan wani abu na gaske da ke cikin ɗakin.

Na san wani zai ce duk wannan me zai ƙara wa yaro, ba ga lissafi da kimiyya ba. To ai mai zanen gini da injiniya da tela da likitan da ke duba hoton ƙashi da mai tsara shafin wannan jarida da kake riƙe da ita duk da ido mai lura suke cin abinci. Amma ni ko babu wannan, na ga yadda yarinyata take a ranar da ta yi zane da ranar da ba ta yi ba, shekarun nan na balaga abubuwa da yawa suna cin su a rai da ba sa iya faɗa, yaron da ke gida kuma ba shi da abokan aji da zai rage da su, awa ɗaya da hannu a cikin yumɓu ko fenti tana sauke musu wani nauyi da ni uwa ba na iya saukewa da magana.

Roƙona gare ka Malam Edita, dan Allah ku ware ko da rubu'in shafi ne sau ɗaya a wata, ku ba da aiki ɗaya, misali wannan watan kowa ya zana tsohon takalmi, wata mai zuwa ado da kamfas, iyaye su ɗauki hoto su turo ku zaɓi kaɗan ku buga da shekarun yaron kawai, ba gasa ba ba na ɗaya ba na biyu. Yaron da ke karatu a gida ba shi da allon bango na makaranta da za a liƙa aikinsa wasu su gani, daga uwa sai uba, kuma yana son idon da ba na gida ba. In kun buɗe filin mu ne za mu fara turowa, dan satin da ya wuce yarinyar ta sake zana hannun nan nata na hagu, wannan karon a dunƙule yana riƙe da makulli, ta rubuta kwanan wata a baya ta saka a fayil kusa da wancan yagaggen da na tsince na liƙe da salatif, kuma ta ce in tambaye ku ko kuna karɓar zanen fensir ko sai mai kala.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Taku,
Wata uwa mai koyar da 'ya'yanta a gida